Yau Kowa Ɗan Malam Aminu Ne, To Jiya Su Wa Suka Yi Jifan?



Akwai wata kalma da ta yi arha a bakin wasu daga cikin mutanenmu a 'yan watannin nan, a taron wata-wata da kuma a zauren WhatsApp, wato "ɗan tawaye". Yaro ya ɗaga hannu ya ce a karanto wa jama'a lissafin kuɗin da ake tarawa, an ce ɗan tawaye ne. Wani ya ce a sa wa kujerun shugabanci wa'adi, shi ma ɗan tawaye. Wata baiwar Allah ta ce tunda mata suna biyan kuɗin ƙungiya kamar kowa a ba su kujera a kwamiti, ita ba a ma tsaya a tawaye ba, cewa aka yi ba ta da kunya. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, masu saurin furta wannan kalma su ne kuma ba sa gajiya da ambaton Malam Aminu Kano. Wasu hotonsa na rataye a shagonsu. In ana hirar siyasa su ne kan gaba wajen cewa tun da Malam ya rasu talaka ya zama maraya.

To a yi mana haƙuri, abin nan biyu ba sa haɗuwa a baki ɗaya. Wanda yake kiran mai tambaya ɗan tawaye, da a 1952 yake raye, ba a layin Malam za a same shi ba. Kuma ba zagi ba ne, tarihi ne. Bari mu tuna wa juna yadda abin ya gudana, domin a cikinsa akwai darasin yadda mafi rinjaye suke yi da duk wani ra'ayi da ya saɓa wa abin da aka saba.

Ranar 8 ga Agusta 1950 wasu matasa takwas suka zauna a Sabon Garin Kano suka kafa NEPU, wadda aka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Babu sarki a cikinsu, babu hakimi, babu babban attajiri. Malam Aminu a lokacin yana koyarwa a makarantar horon malamai ta Maru, sai daga baya a shekarar ya ajiye aikin gwamnati ya dawo Kano ya shiga cikinsu, ya zama shugabanta a 1953. Mutanen da suka cika jam'iyyar teloli ne, da mahauta, da 'yan tireda, da malaman zaure, da 'yan koli. Wato dai irinmu.

Me suka nema da har ƙasa ta ɗauki zafi? A wancan zamani hukumar En'e ita ce komai. 'Yan doka nata ne, alƙali nata ne, gidan yari nata ne, ita ke tara haraji da jangali, ita ke ba da izinin taro. Wanda ka kai ƙara, shi ne ubangidan wanda zai yi maka shari'a, shi ne kuma mai mabuɗin kurkukun da za a kai ka. 'Yan NEPU suka ce a raba waɗannan. Suka ce a daina sa talaka aikin tilas a gonar mai mulki. Suka ce a riƙa zaɓen wakilai kai tsaye, mutum ya jefa ƙuri'arsa da hannunsa. Suka ce kuɗin baitulmali na jama'a ne, a san inda yake tafiya. Suka ce mace ma a ba ta ilimi, a ba ta ƙuri'a. Ku duba jerin nan da kyau. Akwai guda ɗaya a ciki da wani mai hankali zai tsaya yau a bainar jama'a ya ce bai yarda da shi ba? Amma a lokacin, faɗin ko ɗaya daga ciki ya isa ya raba mutum da 'yancinsa.

Makamin farko da aka ɗauka a kansu shi ne suna. Ba a ce maganarsu ƙarya ce ba, domin ba a tsaya an auna maganar ba. Cewa aka yi 'yan iska ne, marasa tarbiyya, masu raina na gaba. Aka ce sun fita daga addini tunda suna jayayya da shugabanni. Alhali Malam Aminu ɗan gidan malamai da alƙalai ne a birnin Kano, mahaifinsa Malam Yusufu masanin shari'a ne, shi kansa kuma mai tafsiri ne. Da NEPU ta ƙulla ƙawance da jam'iyyar NCNC ta Azikiwe, sai aka sami sabon suna, aka ce sun sayar da Arewa ga 'yan Kudu. Abin dariya, bayan zaɓen 1959 jam'iyyar NPC mai mulkin Arewa da wannan NCNC ɗin ta haɗu ta kafa gwamnatin tarayya, babu wanda ya ce ta sayar da kowa. Amfanin laƙaba wa mutum suna ke nan, yana hutar da kai wahalar ba shi amsa. Da zarar ka ce ɗan iska ne, ka gama, ba sai ka buɗe littafin baitulmali ba.

Da suna bai wadatar ba sai aka koma ga doka. A zaɓen 1951 ba kai tsaye ake zaɓe ba, hawa-hawa ne, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi. A matakin farko, inda talaka ke da baki, NEPU ta taka rawar gani a birnin Kano. Amma tsarin ya ba En'e damar cusa nata mutanen, kashi 10 cikin 100, a matakin ƙarshe. Da aka kai ƙarshe NEPU ba ta sami kujera ko ɗaya ba a Majalisar Arewa. Lacca kuwa sai da izinin En'e, in an hana ka izini ka yi, an kama ka da laifin taro ba izini. In ka ambaci sunan mai sarauta a laccar, an kama ka da laifin zagi. Bulala da ɗauri suka zama abincin 'yan Sawaba. Inda doka ta gaza kuma ga 'yan banga, waɗanda a Kano aka sani da 'Yan Mahaukata, masu tarwatsa taro da gora da jifa.

Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Zariya da aka haifa a 1933, tun tana yarinya ta shiga wannan gwagwarmaya. An ɗaure ta har sau 16 a rayuwarta. An yi mata bulala, an aske mata kai, an kore ta daga Kano. Laifinta shi ne ta tsaya gaban maza ta yi magana, ta ce a bar mata su yi zaɓe, a daina aurar da yara ƙanana, a sa 'ya'ya mata a makaranta. Kalmar da aka jefe ta da ita a lokacin, ita ce dai wadda aka jefi 'yar uwarmu da ita kwanan nan, wai ba ta da kunya. Shekara saba'in ke nan, ko sabuwar kalma ba a ƙirƙiro ba.

Ga wani abu da ya kamata mu tsaya a kansa. A cikin watan nan na Agusta 1950 da aka kafa NEPU, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda suka koyar tare da Malam Aminu a makarantar Midil ta Bauci, ya tashi a Majalisar Arewa a Kaduna ya kawo ƙudurin a yi wa tsarin En'e gyara, ya soki yadda ake tafiyar da ita ba tare da jin ta bakin talakawa ba. Ba a ɗaure shi ba. An ji zafi, amma an saurara, aka fara gyare-gyare. Haka kuma a 1962 gwamnatin Sardauna da kanta ta sa aka binciki kuɗin En'en Kano, binciken da ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963 da komawarsa Azare. Maganar kuɗin En'e da tela ya faɗa aka kai shi gidan yari, ita ce gwamnati ta kafa wa kwamiti. Ashe ba maganar ce ake ƙi ba, bakin da ta fito ne. In ɗan gida ya faɗa gyara ne, in na waje ya faɗa tawaye ne. Kuma wa ya san ko da babu hayaniyar na waje, za a saurari na cikin? Sau da yawa tsoron mai ihu a ƙofar gida ne yake sa a ba mai magana a hankali kujera a zaure.

Akwai kuma hanya ta uku, wadda ta fi bulala tasiri, wato janyewa. Mafi rinjaye suna da abin da 'yan adawa ba su da shi: aiki, muƙami, kwangila, kwanciyar hankali. Alhaji Maitama Sule, Allah Ya jiƙansa, yana cikin matasan farko na NEPU. Ya koma NPC, ya kayar da Malam Aminu a zaɓen 1954 a Kano, daga baya ya zama minista. Ba muna zarginsa ba ne, ya yi wa ƙasa hidimar da kowa ya sani. Muna nuna yadda babban kogi yake shanye ƙaramin rafi ne. A zaɓen 1959 NPC ta sami kujeru 134 a Majalisar Tarayya, NEPU ta sami 8. Duk wanda ya auna gaskiya da yawan kujeru a ranar, zai ce an gama da 'yan Sawaba.

To sai me ya faru? A zamanin Janar Gowon, wanda Malam Aminu ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatinsa tun daga 1967, aka soke kotunan sarakuna, aka karɓe kotunan alƙalai da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e aka mayar da su ƙarƙashin gwamnati. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, En'e ta zama tarihi. A wannan shekarar matan Arewa suka sami 'yancin ƙuri'a, suka yi zaɓen ƙasa a 1979, shekara ashirin cur bayan 'yan uwansu na nan Kudu sun yi na 1959. A 1979 ɗin gwamnonin PRP biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, sauran jihohi suka bi sahu, har da na jam'iyyun da suka gaji NPC. Makarantun Islamiyya masu aji da allo da benci, waɗanda Malam Aminu yana cikin na farko da suka assasa su a Kano a farkon shekarun 1950 aka yi musu ca, yau babu unguwar da babu su, har nan Agege da Idi-Araba. Jam'iyyar da ba ta taɓa kafa gwamnati ba, kusan duk abin da ta nema an yi shi. Waɗanda suka yi shi kuma da yawansu ba 'ya'yanta ba ne.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. Yau filin jirgin saman Kano sunansa ne, asibitin koyarwa na Kano sunansa ne, gidansa na Mambayya a Gwammaja ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. A Abuja, ɗaya daga cikin titunan da suka fi tsadar haya a Wuse, inda talaka ba ya iya sayen ko kwanon abinci, sunan jagoran talakawa ne a jikinsa. Babban asibiti a Zariya yana ɗauke da sunan Gambo Sawaba. In zaɓe ya zo kowace jam'iyya jan rigar Malam take yi, wani ya ɗauki hularsa, wani ya ɗauki hotonsa, wani ya ɗauki kalmar talakawa ya sa a fosta. Su kuwa telolin da mahautan da suka sha bulalar, waɗanda aka karya wa sana'a, aka raba wasu da garuruwansu, yawancinsu ko sunansu ba a riƙe ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ku lura, babu ranar da aka tara jama'a aka ce jiya mun zalunci mutanen nan, ashe su ne da gaskiya. Ba haka mafi rinjaye suke karɓar ra'ayi ba. Shiru ake yi, a ɗauki abin a hankali, a wayi gari kowa yana cewa ai dama can haka muke. Shi ya sa darasin ba ya zama. Tunda ba a taɓa yarda an yi jifa ba, sai a sake ɗaukar dutse a kan na gaba da zuciya wasai.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce ba duk mai saɓa wa jama'a ne Malam Aminu ba. Gaskiya ne. Garin Kano ɗin nan da ya fitar da NEPU shi ne ya ga Muhammadu Marwa, Maitatsine. Shi ma ya saɓa wa kowa. Shi ma talakawa ne mabiyansa, yawanci yara da matasa da suka shigo birni daga ƙauyuka. Shi ma hukuma ta taɓa korarsa daga Kano a 1962, ya dawo. Ya haramta rediyo da agogo da keke, ya tsine wa duk wanda bai bi shi ba, ya mayar da unguwar 'Yan Awaki tamkar wata ƙasa a cikin ƙasa, maƙwabta suka rasa sakat. A watan Disamba 1980 abin ya fashe, sai da soja suka shigo, alƙaluman hukuma suka ce mutum 4,177 ne suka mutu. Wutar ba ta mutu nan ba, ta sake tashi a Bulumkutu da Kaduna a 1982, Jimeta a 1984, Gombe a 1985. Kuma gwamnatin da abin ya faru a hannunta a Kano ta PRP ce, ta magadan NEPU. 'Yan tawayen jiya su ne suka wayi gari suna neman a kawo musu ɗauki a kan wani mai tawayen.

Saboda haka ba mu ce duk sabon ra'ayi alheri ba ne, ba mu kuma ce duk wanda aka tsangwama yana da gaskiya ba. Yawa ba hujja ba ne, kaɗaici ma ba hujja ba ne. Abin da muke cewa shi ne akwai ma'auni, kuma ba mai wuya ba ne. NEPU fili ta nema. Ta ce a ba ta izinin lacca kowa ya ji, a kafa akwati kowa ya jefa, a buɗe littafi kowa ya gani. Ta sha kaye a zaɓe sau da yawa, ta sake dawowa zaɓe. Abin da ta nema, in an yi shi, har abokin hamayyarta zai amfana, domin alƙalin da ba ya tsoron hakimi kowa yake yi wa adalci. Maitatsine kuwa katanga ya nema. Bai ce a zo a yi muƙabala ba, bai yarda wani zai iya gyara masa ba, ya raba yara da iyayensu, ya tara makamai. Ɗaya yana cewa ku zo ku duba, ɗaya yana cewa duk wanda ya duba ya halaka. To yanzu a ɗora yaranmu a kan wannan ma'auni. Wanda ya ce a karanta lissafi a gaban kowa, fili yake nema ko katanga? Wanda ya ce a yi zaɓe duk bayan 'yan shekaru, ya yarda ke nan shi ma a kayar da shi. In akwai mai gudun fili a wannan magana, ba shi ba ne.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan ciwo na wasu mutane ne daban, miyagu. Kujera ce take kawo shi. PRP da Malam Aminu ya jagoranta, ba ta cika shekara biyu da samun gwamnoni ba ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. Rimi da Balarabe Musa suka riƙa halartar taron gwamnonin adawa na wasu jam'iyyu, uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi, aka kore su a 1980. Ba mu zo yanke hukuncin wa ke da gaskiya a tsakaninsu ba, dattawanmu da suka ga zamanin har yau ba su daidaita a kai ba. Abin lura shi ne, jam'iyyar da aka gina a kan 'yancin faɗin a'a, ita ma da aka ce mata a'a ta ji ɗaci. Kuma ribar rabuwar ba talaka ne ya ci ba. A Yuni 1981 majalisar Kaduna da NPN ta fi rinjaye a ciki ta tsige Balarabe Musa. In har gidan Malam bai tsira daga wannan ba, ƙungiyarmu ba ta isa ta ce ta fi ƙarfinsa ba. Sai dai ta yi masa shiri.

Sai babbar hujjar da ake kawowa, wadda muka fi jin ta a bakin iyayenmu, kuma mun san da kyakkyawar niyya suke faɗinta. Suna cewa mu baƙi ne a nan, ba a garinmu muke ba, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya ga abin da ya faru a Mile 12 a 2016, ko a kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021, ko yadda hana acaɓa a wasu sassan Legas a 2022 ya bar dubban yaranmu ba sana'a, ba zai raina wannan magana ba. Ranar da abu ya taso muna bukatar murya ɗaya a gaban hukuma da masu gari. Amma a tambaya, me ke tsaga bango? Tambaya ce take tsaga shi, ko rashin amsa? Mutumin da yake cire kuɗi daga cinikin albasa ko turin baro duk mako yana biya, in ya tambayi inda kuɗin suke aka ce masa ɗan tawaye, ba zai yi faɗa ba. Shiru zai yi, ya daina zuwa taro, ya daina biya, gobe ka ji shi da wasu goma sun buɗe tasu ƙungiyar. Ku ƙirga ƙungiyoyin 'yan Arewa nawa ne a unguwa ɗaya a garin nan, kowace da shugabanta da hatiminta, sannan ku bincika yadda kowace ta samo asali. Da wuya ka sami wadda ba daga taron da aka hana wani magana ta fito ba. Haɗin kan da aka gina a kan rufe baki, ranar da ake bukatarsa ake tarar da babu kowa a bayansa. Da sunan haɗin kan Arewa aka daki 'yan NEPU, ba a kuma fasa yin abin da suka ce ba. An dai yi asarar shekaru ne da jinin mutane a banza.

Ana kuma cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mun yarda, kuma babu mai neman a cire wa dattawa rawani. Su suka zo garin nan tun babu kowa, su suka nemi filin masallaci da maƙabarta, su ake tasa da tsakar dare in an kama wani. Amma tunda babba ya hango, ai sauƙi ya samu, sai ya faɗa wa yaron abin da ya hango. In akwai dalilin da ya sa wa'adi ba zai yi mana amfani ba, a kawo shi, wataƙila ya gamsar. Karin magana ba ya zama madadin rasit. Gyara kayanka kuma bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ku kuma matasa, kada ku karanta wannan ku ɗauka an naɗa muku rawanin Sawaba. Don an zage ka ba shi ne ka zama Malam Aminu ba. Malam ya ajiye albashi a lokacin da masu irin iliminsa a Arewa ba su da yawa, ya bi gari-gari yana zama da mutane, ya san shari'a da tsarin mulkin da yake suka fiye da masu kare su. Gidan da ya bari yana nan a Gwammaja, kowa na iya zuwa ya ga abin da ya tara a duniya. Wanda bai biya kuɗin ƙungiya na wata shida ba, ba ya zuwa jana'iza, ba ya zuwa ofishin 'yan sanda in an kama ɗan uwa, sannan ya kwanta a ɗaki yana tura saƙon murya yana kiran sa'annin mahaifinsa ɓarayi ba tare da hujja ba, wannan ba gwagwarmaya yake yi ba. Yana ma ɓata wa masu tambayar gaskiya hanya ne, domin shi za a nuna a ce ga irinsu nan. In kana da zargi, kawo shi a rubuce da sunanka. In shawara ce, zo da yadda za a aiwatar da ita, ka kuma shirya jin cewa wani ɓangarenta ba zai yiwu ba. Wanda yake neman a saurare shi, dole shi ma ya iya sauraro.

Abin da muke kira gare shi ba shi da yawa. Maganganun nan uku, na lissafi, na wa'adi, da na kujerar mata, a sa su a ajandar babban taro mai zuwa, ɗaya bayan ɗaya. Mai goyon baya ya tashi ya faɗi dalilinsa, mai adawa ya tashi ya faɗi nasa, kowa da minti ɗaya da ɗan uwansa, ba katsewa. Sannan a ƙirga hannu, a rubuta sakamakon a littafin taro, wanda aka kayar ya haƙura har wani lokaci, ba tare da an kore shi daga zaure ko an daina amsa sallamarsa ba. Wanda aka kayar yau a ajiye maganarsa a rubuce, domin mun ga yadda kujeru 8 suka zo suka fi 134 tsawon rai. Kuma daga yau duk wanda ya kira ɗan uwansa ɗan tawaye a taro, shugaban taro ya dakatar da shi ya ce ya amsa maganar da aka yi tukuna.

Wanda kuma bai yarda da wannan rubutu ba, ga fili nan a ƙasa, ya rubuta nasa da hujjarsa, za mu buga shi a wannan shafi kamar yadda muka buga namu, ba za a goge ko harafi ɗaya ba matuƙar babu zagi. Abu guda muke roƙo. Mai hoton Malam a shago, kafin ya buɗe baki a taro na gaba, ya ɗaga kai ya dubi hoton, ya tambayi kansa a wane ɓangaren filin lacca zai tsaya da a lokacin yake.

Allah Ya jiƙan Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba da sauran magabatanmu baki ɗaya, na Sawaba da na Salama. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da haƙuri, Ya shirya matasanmu, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu. Amin.

Daga Sakataren Ƙungiya.